Sai Ta Mutu Za Mu Ce Mun Gode?

A zaman makokin wata dattijuwa ne abin ya tsaya mini a rai. Ba zan kama sunanta ba, ba kuma zan faɗi garin ba, don 'ya'yanta ba su ba ni izini ba. Gidanta dai yana kusa da ɗaya daga cikin jami'o'inmu na arewacin Kamaru, kuma tun kafin jami'ar ta zo, tun lokacin da yaran ƙauye ke shigowa gari don karatun lise, wato sakandare, soronta da ɗakunan ƙofar gidanta ba su taɓa rabuwa da ɗalibai ba.

Da ƙosai da kunun gyaɗa ta fara. Daga baya ta koma sayar da atamfa da turare, ta shiga adashi, ta sayi fili, ta gina ɗakuna. Wasu ta ba da haya, wasu ta bar wa yaran da ba su da shi. Kullum bayan magariba akwai ƙaton kwanon tuwon dawa da miyar yakuwa a bakin soro, ba a tambayar mai ci daga ina yake ko wane addini yake bi. Ta haƙa rijiyar burtsatse da unguwa da ɗalibai ke sha. Duk farkon shekarar karatu sai ta kwance bakin zane ta biya wa wasu kuɗin rajista. Ba ta iya karanta boko ba, amma takardun shaidar biyan kuɗin nan tana adana su a cikin wata tsohuwar kwalla, tare da awarwaronta. Ɗalibai Dada suke ce mata.

Ranar addu'ar uku motoci sun cika layi. Akwai alƙali, akwai likita, akwai jami'in kwastan, akwai malaman makaranta, har da waɗanda suka tsallako daga Chadi. Dukansu sun ci tuwon gidan. Ɗaya daga cikinsu ya miƙe ya ce yana ganin a haɗa kuɗi a yi wani abu da zai ɗauki sunanta. Bai kai ƙarshe ba wani dattijo ya tare shi: "Ɗana, bar wannan magana. Don Allah ta yi, Allah ya san abinta. Kuma sunan mace a jikin bango?" Mutumin ya ce, "To Baba, Allah ya huci zuciyarka," ya zauna. Aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino, aka watse.

Ra'ayina shi ne dattijon nan, duk da girmansa, bai yi daidai ba. Su ma masu motocin ba su yi daidai ba, don sun makara da shekaru masu yawa. Irin waɗannan mata ya kamata a karrama su a fili, da sunayensu na yanka, tun suna iya jin abin da ake faɗa. Kuma karramawar ta zama wadda za ta ci gaba da aikin da suke yi bayan ƙasa ta rufe musu ido.

"Ai don Allah ta yi"

Wannan ita ce hujjar da ta fi saurin rufe bakin mutane, don da ka yi musu sai a ga kamar kana jayayya da addini. To amma an haɗa abu biyu ne wuri ɗaya. Ɓoye sadaka nauyi ne a kan mai bayarwa. Godiya nauyi ce a kan mai karɓa. Ita ta sauke nata, ba ta yi gori ba, ba ta kira maroƙi ba. Namu fa? Hadisin da ke cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, da mu yake, mu da muka ci.

Ko ayar Suratul Baƙara da ake yawan kawowa, ta 271, ba ta hana bayyanawa ba. Cewa ta yi in kun bayyana sadaka madalla, in kun ɓoye kun kai wa matalauta ya fi muku alheri. A aya ta 274 kuma an yabi masu ciyarwa dare da rana, a ɓoye da bayyane. Abin da aka hana shi ne gori da cutarwa da yi don ganin mutane, wannan kuwa a zuciyar mai bayarwa yake. Ba ni ne zan jefa tsohuwa cikin riya ba don na tashi a gaban jama'a na ce ita ta biya mini makaranta.

Da kowane alheri sai an binne shi, ta yaya muka san Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'ar Madina? Ta yaya muka san Nana Zainab 'yar Jahshi tana sana'a da hannunta tana sadaka da abin da ta samu, har aka gane ita ce mai dogon hannun da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce za ta riga sauran matansa riskarsa? Nana A'isha ce ta ba da wannan labari, kishiyarta, kuma ba ta ɓoye sunan ba.

Akwai kuma labarin matar nan mai share masallaci. Ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi ba, kamar dai an ga lamarinta bai kai ba. Da ya daina ganinta ya tambaya, ya ce me ya sa ba ku gaya mini ba, ku nuna mini kabarinta, ya je ya yi mata salla. Duk malamin da ke garinmu ya san wannan hadisi, a Bukhari da Muslim yake. Na rasa dalilin da ya sa ba a tuna shi a irin wannan zama.

Sunan mace a jikin bango

Nan ne ainihin maganar take, in za mu gaya wa juna gaskiya. Ba riya ake tsoro ba. Da Alhaji ne ya gina waɗannan ɗakuna, da tuni layin ya zama Layin Alhaji wane, masallacin unguwa ma da sunansa za a riƙa kwatance da shi, ba kuma wanda zai ce ladansa ya zube. Jiha guda muka sa wa sunan namiji, Adamawa, saboda Modibbo Adama, ba mu ga laifi ba. Modibbon nan daga hannun Shehu Usmanu ya karɓi tuta. 'Yar Shehun kuwa, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta tsara 'yan taru, ƙungiyar karantar da mata, tana naɗa wa jajis, wato jagororinsu, malfa tana tura su ƙauyuka su karantar da mata. Sunanta yau yana jikin makarantu birjik a arewacin Najeriya. A Zariya akwai asibitin Gambo Sawaba, a jami'ar Ahmadu Bello akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunan Sarauniya Amina. Ban ji an ce mutuncin ɗayansu ya ragu ba.

Alhazanmu da suka je Makka sun ji sunan Zubaida, matar Haruna Rashid, wadda ta jawo ruwa zuwa wuraren aikin hajji ta kuma gyara hanyar mahajjata daga Kufa, tafiyar fiye da kilomita 1,000, da rijiyoyi da tafkuna. Har gobe da sunanta ake kiran hanyar da idon ruwan. Masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas, wanda ya zama cibiyar karatun da malaman Malikiyya ke alfahari da ita, marubutan tarihin Maroko sun ce Faɗima al-Fihri ce ta kafa shi a 859 da dukiyar da ta gada. A Masar, lokacin da jami'ar da ta zama ta Alƙahira ke fama da rashin muhalli, Gimbiya Faɗima Isma'il ce ta ba ta filaye ta kuma ba da kayan adonta aka sayar, aka aza tubalin gini a 1914.

Waɗannan duk matan musulmi ne, a ƙasashen da ba mu fi su kunya ba.

Na san al'adarmu. Mace ba ta kiran sunan mijinta ko ɗan farinta, mu ma muna jin nauyin kama sunan uwa a bainar jama'a, sai mu ce Hajiya, ko Dada, ko Goggo. Alkunya abu ne mai kyau, ba na son ta ɓace. Sai dai ku duba abin da take jawowa in an kai ta inda ba wurinta ba. Bayan shekara ashirin alherin ya koma "gidan Alhaji wane", alhali kowa a unguwa ya san Alhajin ko gishirin miya bai sani ba. Ita ta tashi da asuba ta soya, shi ya gaji sunan.

"Tuwo ne kawai, ba gini ta yi wa jami'a ba"

Wani abokina malamin makaranta ya ce mini masu taimakon jami'a su ne masu gina ɗakin lacca, irin wanda ɗalibai ke kira amfi, ko ɗakin karatu. Tuwo da ɗakin kwana, in ji shi, sadakar unguwa ce.

Ina ganin ya manta yadda karatu yake a nan. Tun gyaran tsarin jami'o'in Kamaru na 1993 aka daina bai wa ɗalibai tallafin wata-wata, aka kuma sa kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara a jami'o'in gwamnati. Ga wanda ke Duwala yana kasuwanci ba wani abu ba ne. Ga manomin da ke jiran auduga ko masakwa a wajen Kaele ko Yagwa, ko iyalin da rikicin Boko Haram ya koro daga kan iyaka suka bar gona da shanu, kuɗi ne. Kuma rajistar ce mafi sauƙi. Akwai ɗaki, akwai ci, akwai kuɗin moto, akwai kwafin darussa. Yawancin yaran da na ga sun bar karatu ba jarrabawa ce ta kore su ba. Mai ɗaki ne ya sa kwaɗo, ko yunwa ta hana su zama a aji cikin zafin Afrilu.

Saboda haka wadda ta riƙe yaro shekara uku ya gama digiri, ta yi wa jami'a aiki ko ba ta taɓa taka ƙofarta ba. Amfi ba ɗalibi kango ne.

Akwai misali daga Amurka da nake so mutanenmu su sani. Oseola McCarty mai wanki da guga ce a garin Hattiesburg, jihar Mississippi. Tun a aji shida ta bar makaranta don jinyar goggonta, ba ta koma ba. Tana wanke kayan mutane tana ajiye 'yan canji a banki har ta tsufa. A 1995, tana da shekara 87, ta ware dala 150,000 ta bai wa jami'ar Southern Mississippi don a riƙa biya wa ɗalibai marasa hali. An ce da ma'aikacin banki ya so ya fahimci yadda take son a raba dukiyar, sai ya ajiye mata sulalla goma. Ta tura ɗaya ga cocinta, uku ga danginta, shida ga jami'a. Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Da labari ya fita, 'yan kasuwar garin da mutane daga nesa suka zuba nasu a kan nata, asusun ya ƙaru. Shugaba Clinton ya ba ta lambar girma, jami'ar Harvard ta ba ta digirin girmamawa, duk tana raye. Ta rasu a 1999, tallafin mai sunanta bai tsaya ba.

Da jami'ar ta karɓi kuɗin ta yi shiru don kada a zubar wa tsohuwa lada, da ba wanda zai ƙara ko sisi. Mutum yana kwaikwayon abin da ya ji ana yabo. Yarinyar da ta tashi ba ta taɓa ganin an ɗaga mace don alheri ba, tana ganin wadda ake wa kirari ita ce mai liƙi a gidan biki, me kuke so ta yi in ta samu?

Ba aikin gwamnati ba ne?

Aikinta ne, ba musu. Ita ta kafa jami'ar Ngaundere a 1993, ta Marwa a 2008, ta Garwa a 2022, ita ya kamata ta gina ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da za su ishi ɗalibai. A ci gaba da matsa mata. Amma duk wanda ya je Dang, inda jami'ar Ngaundere take, ya ga yadda gari guda ya tashi da ɗakunan haya a kewayen jami'a, ko ya tuna yadda Marwa ta fara da makarantar horar da malamai ana karatu a gine-gine daban-daban cikin gari, ya san jama'a ne suka ɗauki babban kaso na nauyin ɗaliban nan. Yaron da ya sauka daga jirgin ƙasa ko motar Kusiri da jaka ɗaya ba zai jira kasafin kuɗin baɗi ba. Yabon wadda ta buɗe masa ƙofa ba ya ɗauke wa hukuma nata.

Inda nake jin tsoro

Akwai hujja ɗaya da ba na iya turewa da sauƙi. In aka buɗe wannan ƙofa, masu kuɗi da 'yan siyasa za su riga kowa shiga. Matar wani babba za ta raba buhun shinkafa goma a gaban kyamara, washegari a sa wa ɗakin karatu sunanta, mai ƙosai tana can ba wanda ya waiwaye ta. Mun ga irin wannan, ba sau ɗaya ba.

Mun kuma san yadda muke karramawa in mun tashi. A kafa rumfa, a ɗinka anko, a kira masu kiɗa, a karanta jawabi da Faransanci wanda tsohuwar ba ta jin ko kalma ɗaya, a miƙa mata takarda a cikin gilashi. Kuɗin da aka kashe a lemo da hayar kujeru ya isa rajistar yara da yawa. Kowace 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, mata na sayen zanen shekara su yi maci a gaban gwamna, kowace 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasa, ana maƙala wa mutane lambobi a ƙirji. Ba na raina wannan, amma in aka tambaye ni sunan mace ɗaya mai ciyar da ɗalibai da na ga an kira a irin waɗannan ranaku, sai na yi dogon tunani.

Maganin wannan, a ganina, shi ne a duba wa ke ba da shaida. Kada karramawa ta fito daga ofis ta sauko. Ta fito daga waɗanda suka ci moriyar, su zo da sunayensu da shekarun da suka zauna a gidan, liman da mai unguwa su tabbatar. A kuma sa sharaɗin daɗewa. Wadda ta yi shekara ashirin tana yi ba a san ta ba, ba don kyamara take yi ba. Mai neman suna ba ta da wannan haƙurin.

Abin da zai rayu bayanta

Dalilin da ya sa na nace a kan a yi tun tana da rai ya wuce son ta ji daɗi, ko da yake shi ma dalili ne, tsohuwa ta ga yaran da ta goya sun dawo sun durƙusa a gabanta. Akwai maganar shari'a. Da zarar ta rasu, gida da fili sun zama na magada. Wasiyya ba ta wuce sulusi. A mazhabar Malikiyya da muke bi kuwa, kyauta ko wakafi ba ya tabbata sai abin ya fita daga hannun mai shi an karɓe shi tun kafin ciwon ajali. Cewa da baki "ɗakunan nan na ɗalibai ne" ba ya ɗaure kowa bayan an dawo daga maƙabarta. Magada za su raba, a sa kuɗin haya, kuma ba su yi zalunci ba, haƙƙinsu ne. Laifin na masu ilimin da suka kwana a gidan ne, alƙalai da lauyoyi a cikinsu, da ba wanda ya zauna da ita ya ce, "Dada, me kike so ɗakunan nan su zama bayan ranki? Bari mu rubuta, mu kira shaidu, mu gyara takardar fili."

Ga kuma lissafi mai sauƙi. In mutum 200 suka ratsa gida irin wannan, kowa ya ba da sefa 5,000 a shekara, an tara miliyan ɗaya. Rajistar ɗalibi 20 ke nan, kowace shekara, a asusu mai ɗauke da sunanta. Akwai jami'in da ke kashe fiye da sefa 5,000 ɗin nan a katin waya cikin mako. Ba sai an jira minista ko shugaban jami'a ba. Jami'a in ta ga abin ya kafu, nata shi ne ta karɓe shi hannu biyu, ta taimaka wajen tantance ɗaliban, in kuma akwai ɗaki ko hanya da ba ta da suna, ta tuna da ita.

Sai a rubuta tarihinta. Muna da sassan tarihi da nazarin zamantakewa a jami'o'in nan, kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su yi bincike a kai. A tura su su zauna da tsofaffin nan da na'urar ɗaukar murya, a ji yadda suka fara, wa suka riƙe, me ya sa. A yi da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa, harshen da suke mafarki da shi, kafin a juya.

In kuma an tambaye ta ta ce ba ta son sunanta a ko'ina, a bi maganarta, ita ke da abinta. Wasu za su ce haka, na sani. A sa sunan mahaifiyarta ko na unguwar, asusun ya ci gaba. Amma ita za a tambaya, ba wani namiji a zaure ya yanke mata ba. A naɗa masu riƙon kuɗi uku waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, mace a cikinsu, kuma kowace shekara bayan sallar layya, lokacin da 'yan gari ke dawowa gida, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. Rabin guraben kuma a ware wa 'yan mata, don su ne ake fara cirewa daga makaranta in kuɗi ya gaza a gida.